Shekarar da Na Ƙona Namijin Dabinon Abu Nasir

Kun gama dariyar? To ku turo mini butar shayin nan, ku bar ni ni ma in ce wani abu. Tun da muka sauko daga Juma'a muka shigo ɗakin nan kuke tsokanata, wai mu ma'aikatan gona hutu muka zo yi Riyad, famfo ke ban ruwa, mu kuwa muna miƙe a inuwa muna cin dabinon banza. Ba laifinku ba ne. Mai ɗaukar bulo a Dir'iyya da mai jan motar kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi, daga titi kuke hango koren nan na Wadi Hanifa, sai ku ɗauka wurin shan iska ne. Ni Sale na haura shekara ashirin a cikinsa. Ku dubi hannuna, ku dubi ƙaurina. Duk tabon nan da kuke gani ƙayar dabino ce ta yi shi, kuma ba ita ce ma abin da ya fi ba ni wuya a aikin ba.

Ni noma gadonsa na yi. Kakana Tanko shi ya sari dajin da ƙauyenmu yake a yanzu, can arewa da Kazaure. Gandun gidansu ne ya yi musu kaɗan, sai ya tashi da matarsa Iya Hansai da jaki guda da gatari da ƙwaryar irin gero, suka sauka inda babu rijiya babu maƙwabci. Da rani yakan sare itatuwa ya bar su su bushe, sannan ya tara su a gindin kututture ya cinna wuta. In ruwa ya sauka sai ya yi shuka a cikin tokar. Iya Hansai ta ce shekararsu biyu a bukkar kara, ruwan sha kuwa sai ta yi tafiyar hantsi guda da tulu, kafin ya haƙa rijiya da hannunsa. Da mutane suka ga rumbunsa ya tsaya, sai suka riƙa biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Duk filin da muka ci muka girma a kansa, da gatari da wuta aka same shi.

Babana Malam Audu a kan haka ya tashi, mu ma a kan haka ya tashe mu. Sharar gona ita ce aikin farko da ya damƙa mini. Kafin damina za ka bi gona ka tattara kara da ƙaya da ciyawa, ka yi su tsibi tsibi, ka sa wuta da sanyin safiya tun iska ba ta tashi ba, in ta mutu ka baza tokar ta zama taki. A wurin babana, duk wanda gonarsa ba ta yi hayaƙi ba kafin ruwan fari, to rago ne, ba ya ma son a ambaci sunansa a gabansa. Sai dai ita ƙasa ba ta haihuwa. Gonar Tanko ta rabu tsakanin 'ya'yansa huɗu, kason babana ya rabu tsakaninmu mu tara. Abin da ya zo hannuna, in na tsaya a wannan iyaka na yi tari, na waccan iyakar zai ce mini sannu. Shi ya sa da aka ce ana neman manomi a Saudiyya ban yi wata wata ba. Har dariya na yi a jirgi, na ce jikan Tanko guda, me Balarabe zai koya mini a noma?

Mai gonar da ya ɗauko ni Abu Nasir ake ce masa, dattijo ne dogo, marar yawan magana, kakansa ne ya dasa dabinon wurin. Shugaban aiki kuma wani tsohon Basudane ne, Ammu Bashir, wato Baffa Bashir. Ran da na iso bai tambaye ni komai ba. Igiyar hawa ya miƙo mini, wadda suke kira kar, mai faɗi ta bayan ƙugu, da ɗan lauje mai kaifi, ya nuna mini wata bishiya ya ce, "Yalla, hau." Za ka zagaya igiyar a jikin dabino da jikinka, ka jingina baya, ka kafa ƙafa ba takalmi, ka cilla igiyar sama, ka taka, ka sake cillawa. Da baki ba wuya. Ban kai rabi ba na rungume bishiyar ina salati, shi kuwa yana ƙasa yana kurɓar shayinsa. Da na sauko ya ce, "Kai ka ce manomi ne?" Na ce, "Ammu, mu a garinmu abinci a ƙasa yake fitowa, ba a sama ba." Ran nan ne kaɗai na ga haƙoransa duka.

Wata shida ina cire ƙaya da datse busassun rassa kafin ya bar ni in taɓa wani abu mai daraja. Kowane reshe a gindinsa akwai ƙayoyi masu tsawon yatsa, sai ka bi su ɗaya ɗaya da lauje, in ba haka ba ranar da ka zo aikin fure ba inda za ka zura hannu. In ta soke ka a gaɓa, kwana uku ba ka naɗe yatsan. Ruwan da kuke cewa famfo ke bayarwa, e, famfo ne, amma kai za ka bi kowane gindi ka tona ka ga ko ya sha, don in rami ɗaya ya toshe a zafin Riyad, bishiyar ba za ta nuna maka ba sai ta riga ta wahala.

To akwai wata bishiya a kusurwar gonar, can wajen katanga, doguwa, duk ta fi sauran muni. Ba a aske ta kamar sauran, busassun rassa sun sauko mata har rabi, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta yi. Na ce wa Ammu Bashir, wannan da a gonar babana take da tuni ta zama itacen girki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan shi ne fahal, namijin. Duk matan nan ɗari da wani abu da kake gani, shi ne mijinsu." Ashe dabino akwai mace akwai namiji, kuma ba a barin iska ta haɗa su, mutum ne yake hawa ya yi da hannu. In sanyi ya fara ja baya, namijin yakan fitar da kwanso, sai a yanko shi a tsaga, a shanya zaren furen a inuwa, ga gari fari yana zuba. Ita ma macen kwansonta zai fashe. Sai ka hau, ka ɗauki zare kaɗan na namijin ka cusa a tsakiyar furenta, kansa ƙasa, ka ɗaure da ganye. Mu Hausawan gona ɗaurin aure muke ce wa aikin. Kuma yana da lokaci: in kwanson mace ya buɗe, 'yan kwanaki kaɗan gare ka. In suka wuce, 'ya'yan za su fito dai, amma ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi, sai bauri. Shis ake kiransu, tumaki ake zuba wa.

Wannan fahal ɗin kakan Abu Nasir ne ya dasa shi, kuma ya yi suna a wadin, wato kwarin da gonakin suke, don yana riga na kowa buɗewa, garin furensa kuma ba ya ƙarya. Maƙwabta sukan zo da mota a ba su, Abu Nasir bai taɓa hana kowa ba, har ba ya rage na ajiya. Masu sayen dabinonmu ma ba baƙi ba ne. Akwai gidajen da tun iyayensu a gonar suke saye, mutum ya zo lokacin girbi ya nuna maka bishiya ya ce waccan ce tamu, ya latsa ƙwaya da yatsa, ya tsaga ta ya duba ciki, in ka canza masa da ta wani gindi sai ya gane. Wata tsohuwa takan aiko direbanta tun dabino yana kore, wai a tuna da ita kada a ba wani nata.

A sanyina na biyu Ammu Bashir ya tafi Sudan aurar da 'yarsa. Kafin ya tafi muka gama datse rassa, suka cika tsakanin layuka. Ya ce mini, "Sale, kafin in dawo ka share gonar nan tas, fure ya kusa." Share gona! Ai nan na ji an zo inda na fi kowa. Shi nufinsa in kwashe a baro in kai bakin ƙofa mota ta ɗauka. Bai ce kada in sa wuta ba, don a ƙasar dabino wa zai tsaya gaya wa babban mutum haka? Ni kuwa na ce yau Balarabe zai ga aikin gidan Tanko, ga tsabta ga taki kyauta. Na yi tsibi tsibi yadda babana ya koya mini, na yi sammako tun iska ba ta motsa ba. Tsibin da ya fi girma na kai shi kusurwa, don nan ne akwai fili, taku kamar goma daga fahal.

Reshen dabino ba karan gero ba ne. Ina ƙyasta ashana wutar ta tashi sama da tsayina, ga ƙara. Sai wata 'yar iska ta biyo wadin, ta ɗauki tartsatsi ta jefa a jikin fahal. Jikin dabino akwai wani zare kamar soso, busasshe ƙayau. Wallahi kafin in kai ga tiyo wutar ta haye har ƙoli. Na fesa ruwa, ruwan bai kai rabi ba. Ina tsaye ina innalillahi, ina kallon kwansunan da suka rage mako guda a yanka suna fashewa suna zubowa baƙi ƙirin. Allah ya taimaka wajen katanga iskar ta nufa, wutar ba ta kama matan ba.

Abu Nasir ya iso wajen hantsi, wani maƙwabci ya kira shi. Ya daɗe a tsaye gaban bishiyar, hannunsa a baya. Ya ce, "Ya Sale, wa ya ce ka sa wuta?" Na ce, "Ammi, ba kowa. Haka muke yi a gida." Ya ce, "A gida." Ya shiga wanet ɗinsa, wato a-kori-kura, ya tafi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na koma ɗaki na haɗa kayana a jaka, don na san abin da ya rage shi ne a kai ni Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Tsoro na ji ƙwarai, ga kunya. In koma ƙauye in ce me? In ce jikan wanda ya kafa gari da noma an koro shi don ya ƙona gonar mutane?

Ba a kore ni a makon ba, don ba mai hawa sai ni. Ammu Bashir ya dawo, ya ga kusurwa, ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Kwana biyar bayan nan matan suka fara buɗewa. Shekarar kuma sanyi ya daɗe, mazan dabinon maƙwabta duk ba su fashe ba. Muka zaga gona gona, wanda ya saba bayarwa yau shi ke tambaya, kowa ya ce wallahi sai nan da kwana goma. Furen da aka samo a kasuwa Ammu Bashir ya murza a tafin hannu ya shinshina ya ce tsoho ne, ya sha zafi, amma muka sa shi haka nan a 'yan bishiyoyi don ba yadda za mu yi. Kullum da safe in na zaga sai in ga sababbin kwansuna sun buɗe, na shekaranjiya kuwa sun fara bushewa.

Sai Ammu Bashir ya gaya mini abin da ban sani ba. Gonar da ke gaba da mu, bayan katangar arewa, ta ƙanen Abu Nasir ce, Abu Majid, uwa ɗaya uba ɗaya. Da can gona guda ce, da mahaifinsu ya rasu aka raba, suka saɓa a kan rijiya, shekara goma sha ba sa ga maciji. Kuma a can akwai ɗan fahal ɗinmu, wanda aka cire daga gindinsa aka dasa tun mahaifinsu yana raye. Shi ma da wuri yake buɗewa. Na ce, "To me muke jira?" Ya ce, "Kai dai ba ka san mutanen nan ba. Abu Nasir ya fi son gonar ta bushe da ya roƙi ƙanensa."

Ban yi shawara da kowa ba, bayan la'asar na taka da ƙafa na je. Na sami Abu Majid zaune a kan darduma a bakin rijiyar, gajere mai jiki, bai yi kama da wansa ba sai a ido. Na gaishe shi, da guntun Larabcina na ce ni ne ma'aikacin da ya ƙona fahal, laifina ne ni kaɗai, ya taimaka ya ba mu fure ko kaɗan. Ya sa aka zuba mini gahawa, ya bar ni na shanye. Sannan ya ce, "Na ga hayaƙin. Fure akwai, ga shi can ya yi yawa. Amma ba bishiyarka ba ce, ba kuma kai za ka roƙa ba. Ka ce wa maigidanka ya san ƙofar."

Na rasa yadda zan kai wannan saƙo, amma na kai. Abu Nasir ya ce, "Wa ya aike ka?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Kai komai naka ba kowa." Ya tafi. Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. Ina hawa ina duba furen da lokacinsu ke wucewa, ina saukowa hannu wofi, Ammu Bashir ya daina ko yi mini magana.

A rana ta uku da safe sai ga wanet. Abu Nasir ya sa farar riga sabuwar guga kamar mai zuwa Idi. Ya ce, "Ɗauko kar da lauje, hau baya." Tafiyar ba ta kai minti biyu ba, amma sai da ya tsaya a bakin ƙofar ƙanensa ya kashe mota ya zauna riƙe da sitiyari har na fara tunanin zai juya. Ya fito ya yi sallama. Abu Majid ya amsa, suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya miƙa hannu. Abu Majid ya ce, "An ce baƙonka ne ya ƙona bishiyar kakanmu." Ni ina gefe, kaina a ƙasa, na ce yau za a tsire ni. Abu Nasir ya ce, "Gonata ce, wutata ce. Ni na kawo shi, ban koya masa ba. Na zo neman fure."

Abu Majid ya miƙo hannu ya karɓi kar daga wurina. Yana da ma'aikata huɗu a tsaye, ga ni kuma, amma tsohon nan ya tuɓe takalmi, ya tattare riga, ya hau da kansa, yana nishi yana hutawa. Wansa yana ƙasa yana cewa, "A hankali, kai ba yaro ba ne," shi kuwa yana cewa, "Matsa, kada in faɗo maka." Ya yanko kwansuna ya riƙa miƙowa, Abu Nasir yana tarewa da farar rigar nan, gari duk ya ɓata masa gaba. Daga ranar ni da Ammu Bashir da biyu daga mutanen Abu Majid muka yi ta hawa daga asuba har rana ta faɗi, kwana shida, har tafin ƙafata ya tsage.

Amma dabino ba ya jiran sulhun mutane. Waɗanda suka buɗe da wuri sun riga sun wuce, kuma su ne manyan bishiyoyin da masu saye suke nunawa da yatsa. Da zafi ya shigo muka ga abin da idonmu: layukan baya nonna sun cika sun yi nauyi, layukan gaba kuwa, kusan rabin gonar, shis ne zalla. Direban tsohuwar nan ya zo ya koma da kwali babu komai. Mutanen da iyayensu suka sayi dabino a gonar suka zo, Abu Nasir da kansa yake fita ya ba su haƙuri, bai taɓa nuna ni ba. Fahal kuma bai sake toho ba, sai da muka sare shi. Ni dai jakata tana nan a ɗaure, don iƙamata, wato takardar izinin zama, a ƙarshen girbin za ta ƙare, kuma na san in mutum ya rufa maka asiri a gaban jama'a, ba dole ne ya ci gaba da riƙe ka ba.

Ranar da muka fara sauke shis don a kai wa masu tumaki, ya zo ya same ni a layin gaba, na sauko ke nan da nono guda a kafaɗa. Ya tsinki ƙwaya biyu. Ya jefa ɗaya a bakinsa ya tauna, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye. Ya miƙo mini ɗayar.

"Ci, ya Sale."

Na karɓa na sa a baki. Bauri ya kama mini harshe har haƙora.

Ya ce, "Wannan shi ne aikinka na bana. Baɗi ina so in ci wani daban. Gobe ka kawo iƙamarka a sabunta."

Hawaye suka zubo mini, ga shis cike da baki. Bai tsaya kallona ba, ya juya wajen mota. Na haɗiye abina, na goge ido da hannun riga, na zagaya kar a bishiya ta gaba na hau.